Madaukin while ya ƙi ƙarewa, ina matsalar take?

SabonHannu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyon Python, so nake in fitar da lambobin da 2 ke rabawa ba saura. Yana buga 4 da 8, daga nan shiru, ba saƙon kuskure, kuma bai gama ba.

```
jeri = [4, 8, 15, 20]
i = 0
while i <= len(jeri):
    if jeri[i] % 2 != 0:
        continue
    print(jeri[i])
    i += 1
```

MaiLissafi:
Wa alaikumus salam. Ba tsayawa ya yi ba ɗan'uwa, kewaya yake a wuri guda. Da `i` ya kai 2 sai ya ci karo da 15, `continue` ya mayar da shi sama tun kafin ya iso `i += 1`. Ke nan `i` zai zauna a 2 har abada. Danna Ctrl+C ka katse shi, sannan ka sa `print(i)` a layin farko cikin madaukin, za ka ga 2 na ta kwararowa. Ƙara `i += 1` kafin `continue` ɗin.

Sai dai kana gyara wannan, na biyu zai fito. Abubuwa 4 ne a jerin, amma ƙirgarsu daga 0 take farawa ta tsaya a 3. Alamar `<=` za ta bar `i` ya kai 4, sai `IndexError`, wato kuskuren neman abu a gurbin da babu shi a jerin. Mayar da ita `<`.

Gizo-gizo:
Ni a ganina `while` ma ba wurinsa ba ne nan. Rubuta `for n in jeri:` kawai, ba `i` balle ka manta ƙara shi. Ajiye `while` sai inda ba ka san sau nawa za a zagaya ba, kamar jiran amsar mai amfani. Can ma akwai tarko: `while amsa != "e" or amsa != "a"` ba ya taɓa ƙarewa, don ko me aka shigar dole ya saɓa wa ɗayansu. `and` ake sawa.

TsohonMalami:
Kafin ka kunna kowane madauki, gwada shi a takarda da jeri mara komai, da kuma mai abu ɗaya. Da ka yi haka, `0 <= 0` ya tona asirin `<=` tun zagayen farko.

A kula da lambobi masu ɗigo kuma. Tara 0.1 sau 10 yana ba da 0.9999999999999999, ba 1.0 ba, don haka `while x != 1.0` zai tsallake ya ci gaba. `x < 1.0` zai tsaya, amma da ƙarin zagaye ɗaya. Gara ka ƙirga da cikakkun lambobi, ka raba da 10 a ciki.