Neman kalma: iskar da ke ratsa cikin kwamfutar tebur, me za mu kira ta?

1/ Jama'ar Damagaram, kalma nake nema. Masu gyara a nan suna cewa ventilation da Faransanci, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma airflow. Abin da ake nufi shi ne yadda iska ke shiga akwatin kwamfuta, ta kwashi zafi, ta fita da shi. Yaron shagona bai yi nisa a lakkol ba, abin da aka faɗa masa da Hausa shi yake riƙewa.

2/ Ga abin da ya jawo maganar. Shagona na buga takardu yana kusa da kasuwar Dole, ɗan ƙuƙut ne, mutum uku suka shigo sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Saboda rashin wuri na sa kafinta ya yi wa teburin aljihu a ƙasa, rufaffe ta baya, na cusa akwatin kwamfutar ciki. Da sanyi lafiya lau. Bazara na kamawa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, sai ta soma nauyi bayan azahar, fankarta na gurnani, can kuma ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aikin mutane.

3/ Mai gyara ya jawo ta ya kwance murfin gefe. Ƙurar hunturu ta danƙare a kan ƙarfen nan mai haƙora da ke bisa furosesa, wato 'yar na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta zama kamar audugar rimi, har da yatsa ya ɓanɓaro ta. Ya kai hannuna cikin aljihun teburin, katakon baya zau kamar an ajiye garwashi. Ya ce: "Yaya, ba ta da ventilation." Na gane nufinsa. Yaron kuwa ya tsaya yana kallonmu.

4/ Kalma ta farko da aka kawo mini ita ce "sanyaya". Ban karɓa ba. Da an ce sanyaya, hankalin mutum firiji yake tafiya, ko randa. Fanka kuwa ba ta ƙera sanyi. Iskar ɗakin take turawa bisa ƙarfe mai zafi, don haka ba za ta taɓa sauko da shi ƙasa da zafin ɗakin ba. In shagon yana digiri 42, daga 42 lissafi zai tashi. Kalmarmu ta wannan aiki ita ce "hucewa", kamar yadda ake fifita kunu ya huce. Kwamfuta hucewa take yi.

5/ Wani ƙanena ya ce a kira fankar ciki "zuga-zugi". Na maƙeri hura wuta yake yi don ta ƙaru, mu kuwa rage zafi muke so. Fanka ta ishe mu, kowa ya san ta.

6/ Wadda ta fi samun magoya baya ita ce "shan iska", kuma tana da daɗi a kunne. Sai dai rabin magana ce. Mai shan iska karɓa kawai yake yi, alhali abin da ya kashe mini aiki ba rashin shigar iska ba ne, gaban aljihun a buɗe yake. Fitarta ce ta gagara. Galibin akwatunan nan ta gaba ko ta ƙasa suke jan iska, su fitar ta baya da sama, domin iska mai zafi tashi take yi. In ka manna bayan da bango ko katako, abin da ta fitar shi zai kewayo ta sake ja, kowane zagaye ya fi na baya zafi. Furosesa ɗin ofis na yau da kullum tana iya cin wat 65, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa, a wurin da bai fi faɗin akwatin ashana ba. Da ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, shi ne nauyin da muke gani. In abin ya ƙi, ta kashe kanta.

7/ Wanda ya warware mini wani dattijo ne, tsohon magini daga Birni, da ya zo a buga masa takarda. Ya saurari gardamarmu, ya ce: "Ɗana, ɗakin da ke da ƙofa ba taga ai ba ya numfashi." Na ce: "Baba, ka ba mu kalmar."

8/ Numfashi. Na zaɓe ta ne domin tana ɗauke da shiga da fita a tare, babu mai numfashi ta hanya ɗaya. Kuma tana zuwa da 'yan rakiyarta: fankar gaba "mai shaƙa", ta baya "mai fitarwa", ragar da ke tare ƙura "matata", kwamfutar da aka toshe wa hanya kuma "ta shaƙe". Wani malamin makaranta ya yi mini gyara cewa numfashi na mai rai ne. Gaskiyarsa, amma ai muna cewa mota ta mutu, agogo yana tafiya, Hausa ba ta taɓa ƙin wannan aron ba.

9/ Da kalmar muka yi aikin. Kafinta ya cire katakon baya, muka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango, muka ɗaga ta daga ƙasa inda rairayi ke taruwa, muka ɗaure wayoyin ciki gefe guda, mai gyara ya ƙara fanka mai milimita 120 a baya. Jiya na dawo daga sallar la'asar na tarar yaron ya kwashe rim ɗin takardun da wani ya jibge a saman akwatin. Ya ce: "Maigida, sun toshe mata numfashi."

10/ Saura ƙarfen nan mai haƙora, na alminiyam ko jan ƙarfe, da ke janye zafi daga furosesa ya miƙa wa iska. Ni "mazuƙin zafi" nake ce masa, amma bai zauna mini a baki ba tukuna. Maƙera da masu gyaran rediyo na Zango da Sabon Gari, ku me kuke kiransa?