Zafin bazara ya rage ƙwai, tumatir kuma yana zubar da fure: me zan gyara kafin damina?

Mai Ƙaramin Lambu:

Assalamu alaikum. Shawarar waɗanda suka san harkar nake nema. Ɗan fili ne a wajen Kumbotso, da rijiyar burtsatse ɗaya. Akwai kaji masu ƙwai 300, 'yan wata goma, a ɗakin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, suna ƙasa a kan ɓuntun shinkafa. A gefe kuma fangali 20 ne, kowanne mita 2 da mita 3, na tumatir da latas da ɗan kabeji.

Tun da Afrilu ya kama ƙwai ya sauko daga kiret takwas a rana zuwa shida. Ɓawon ya yi laushi, wasu a hannu suke fashewa. Da rana kajin baki buɗe suna haki, fukafukai a sake, abinci ma sai su bar shi. Tumatir yana fure amma furen zubewa yake, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. Cuta ce ko zafi ne kawai? Kuma me ya kamata a shuka yanzu har ruwa ya sauka?

Hajiya Mai Kaji:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abin da ka lissafa alamun zafi ne. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuma kusan digiri 41 ne, to idan iskar Kano ta kai 40 da rana, ba ta da hanyar fitar da zafi sai haki da shan ruwa. Ta fi sakewa tsakanin 18 da 24. Da ya haura 30 take fara rage ci, in ta rage ci kuwa ƙwai ne zai biya.

Fara da ruwa. A lokacin sanyi kaza ɗaya tana shan kamar rubu'in lita a rana, a bazara tana iya ninka shi. Wato naka 300 za su iya shan lita 120 zuwa 150. Amma ba yawan kaɗai ba ne, sanyinsa ma. Ka sa hannu a mazubin ruwan da ƙarfe biyu na rana. In ka ji ɗumi, su ma sun ji, kuma ba za su sha yadda ya kamata ba. Baƙar tanki a tsakar rana ita ce babbar matsala. A yi mata rumfa, a naɗe ta da buhun algarara ana jiƙawa, bututun da ke bin rana a binne shi. In hannu kake zubawa, randa biyu a inuwa sun fi tanki. A sauya ruwan sau uku: da asuba, da hantsi wajen sha ɗaya, da bayan azahar. Ƙara mazubai yadda kaza ba za ta yi tafiyar da ta wuce mita uku ba kafin ta samu ruwa, don mai haki ba ta son motsi.

Sai lokacin abinci. Narkar da abinci kansa yana ɗumama jiki, awa biyu zuwa huɗu bayan ci. Wanda ya cika mazubi da ƙarfe goma ya haɗa musu zafi biyu da azahar. Abincin da za su ci a rana kusan kilo 35 ne, gram 115 kowace. Raba shi uku: kaso ɗaya da an idar da sallar asuba, kaso biyu bayan la'asar. Tsakanin sha ɗaya da huɗu a bar mazubi fayau. In kana da fitilar sola, kunna musu awa ɗaya da tsakar dare su tashi su ci su sha cikin sanyi, amma ya zamana akwai duhun aƙalla awa uku kafin nan da bayan nan.

Ɗakin kuma ya cika. Mita 10 sau 5 murabba'i 50 ne, kaji shida kenan a kowanne. A bazara biyar ya fi. Kada ka rage da ka, ka tace. Kama kowace da daddare ka sa yatsu tsakanin ƙasusuwan gindinta biyu. Mai yin ƙwai yatsu biyu zuwa uku suna shiga, zankonta ja ne a cike. Wadda yatsa ɗaya ne ke shiga, zanko ya yanƙwane ya koɗe, abinci kawai take ci, a kai ta kasuwa. Kwanon rufi a shimfiɗa masa karan dawa ko zana a ɗaure, ko a shafe shi da farar ƙasa. Duk wani labule ko buhu da aka rufe waya da shi tun hunturu a cire.

Baba Na Kura:

Yaro, tumatirinka ba ciwo yake ba, lokacinsa ne ya wuce. Idan rana ta haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 22 ba, garin furen lalacewa yake, furen ya bushe a wuya ya faɗo. Ko taki nawa ka zuba ba zai ɗaure ba. Shi ya sa a Kadawa da Kura da Garun Malam ake dashe daga Oktoba zuwa Disamba, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna daga Janairu zuwa Maris, sannan a shiga tsada wajen Mayu da Yuni. Ga kuma sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a 2016. Zafi take so. Duba ganyen a rana: in ka ga fararen tabo kamar an kankare cikin ganyen an bar fatar, tana ciki, kuma feshin da bai ratsa ganye ba ba ya isa gare ta.

Abin yi shi ne ka tsinke 'ya'yan da suka ƙosa da sassafe, tun suna fara ja a gindi. Waɗanda suka nuna sosai a tsaga su biyu a shanya a kan tabarma bisa gado, ba a ƙasa ba, kwana huɗu zuwa biyar sun zama kauɗa, kuma kauɗa tana kuɗi da damina. Bayan nan tuge itacen gaba ɗaya ka ƙone. Wanda ya bar tsohon tumatir a tsaye yana jiran 'ya'ya biyu, iri yake ajiye wa sharon. Latas da kabeji ma ka sallame su sai Nuwamba.

Bazara tana da kayanta: alayyafo, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa. Alayyafo ne mai saurin kuɗi, kwana 21 zuwa 30 ka fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa ƙaramin cokali ɗaya da gwangwanin yashi a watsa, a rufe da ƙasa sama-sama, a ɗora busasshiyar ciyawa har ya tsiro. Kada ka shuka duk fangalin rana ɗaya, za su zo maka tare ka rasa mai saye. Fangali biyu duk mako. In ka yanka ka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sake tohowa, ka ƙara yanka sau biyu kafin ya yi kai.

Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, a shuka biyu-biyu, santimita 30 tsakanin rami da rami, 60 tsakanin layi. Wajen kwana 50 take fara fure. Wadda aka shuka tsakiyar Afrilu a farkon Yuni za ta fara ba ka, lokacin ta damina ko tsirowa ba ta gama ba, nan ribar take. Amma tana son tsinka duk bayan kwana biyu. Gwada da karya bakin, in ya karye ƙas ɗanya ce, in ya lanƙwashe ta tsufa, sai dai a yanka a busar. In aka bar tsofaffi a jiki uwar tana daina fure. Irin lalo kuma taurin kai gare shi: ƙulla shi a tsumma, tsoma a ruwan zafi na daƙiƙa goma, shanya a inuwa, sannan ka shuka. Kankana kada ka fara yanzu. Kwana 75 zuwa 90 take ɗauka, za ta nuna cikin ruwan Yuli, ba zaƙi ga ruɓa. Tata shukar ta Fabrairu ce.

Ban ruwa: a wannan zafin kowane murabba'in mita yana asarar lita bakwai zuwa takwas a rana, fangali ɗaya lita 45 kenan, ashirin ɗin kusan lita 900. Ba da shi da yamma liƙis ko da asuba. Rufe bayan ƙasar da ɓuntu ko ciyawa, zai rage maka wahala. Ganye kuma da asuba ake yanka shi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya isa kasuwar 'Yankaba kafin rana ta ɗaga.

Malamin Dabbobi:

Hajiya ta gama magana kan ruwa da lokacin ci. Zan ƙara kan ɓawon ƙwai, don mutane da yawa suna ɗauka ƙarancin sinadarin ƙashi ne kawai. Haki yana sa kaza ta fitar da iskar kabon fiye da kima, shi kuwa ɓawo da wannan kabon ɗin da kalsiyam ake gina shi. Don haka ko abincin yana da kyau, ɓawon mai haki zai yi laushi. Ana gyara shi da bekin soda, gram 50 zuwa 75 a buhun abinci mai kilo 25, a cuɗa sosai. A ƙara laimiston, wato dutsen kalsiyam, mai tsakuwa-tsakuwa, ba gari ba, kilo ɗaya ga kaji 300, a watsa kan abincin yamma. Da daddare kaza take gina ɓawo, mai tsakuwar kuma yana daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali. Bitamin C da garin gishirin zafi da ake sa wa a ruwa suna taimakawa, a bi ma'aunin da ke jikin ledar.

Sai dai kada a jingina komai ga zafi. In ka ga koren kashi, ko wuya ya murɗe, ko ƙwai ya fito fari fat ba siffa, ko mutuwar kaji da yawa dare ɗaya, wannan ba zafi ba ne, a kira likitan dabbobi a ranar. Rigakafin Lasota, na cutar Newcastle, kada a tsallake shi don bazara, amma da asuba ake ba da shi. A ɗauko shi cikin ƙanƙara, a janye ruwa awa ɗaya kacal, a haɗa da ruwan burtsatse mai sanyi, ba na famfo mai kulorin ba, su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ƙwai a kwashe sau huɗu a rana, a jera tsinin a ƙasa, a fitar da shi cikin kwana uku zuwa huɗu. Kiret ɗin takarda da ya zaga kasuwa kada ya shiga ɗakin kaji.

Mai Ƙaramin Lambu:

Allah ya saka da alheri. Baba, na ji batun tumatir, zan tuge. Saura biyu: an ce min in riƙa watsa wa kajin ruwa da rana, ya dace? Sannan in na kwashe ɓuntun ɗakin, zan iya zuba shi kai tsaye a fangalin alayyafo?

Hajiya Mai Kaji:

Watsa ruwa yana aiki ne muddin iska busasshiya ce, kamar yanzu. Ko a hakan ma rufin kwano za ka jiƙa, ko ka rataya jiƙaƙƙun buhuna a ɓangaren da iska ke shigowa, ka bar tazara tsakaninsu. Kada ruwa ya taɓa ɓuntu. Da hadari ya fara haɗuwa a Mayu, iska ta yi nauyi, a daina, don haki ba ya sanyaya kaza cikin laima, ƙara mata wuya za ka yi. Wadda ta faɗi ta kasa tashi ita ce ake ɗauka a tsoma ƙafafunta da ƙirjinta a ruwa mai sanyi, ban da kai, a ajiye ta a inuwa. Ɓuntu kuma a bazara kada kaurinsa ya wuce santimita biyar, mai kauri zafi yake haifarwa daga ƙasa.

Baba Na Kura:

A'a, kada ka zuba ɗanyen kashin kaji a kan ganye. Yana ƙona saiwa, tsiron ya yi rawaya ya kwanta cikin kwana biyu, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa, ga shi abin da za a kai bakin mutane ne. Tara shi a inuwa nesa da ɗakin kaji, tudu mai tsayin mita ɗaya, ana haɗawa da busasshiyar ciyawa da ragowar ganyen da ba shi da cuta. Jiƙa shi yadda in ka dunƙula a hannu zai haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba. Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ka zaro, in ta yi zafi aiki yana tafiya. Juya duk mako, na waje ya koma ciki. Mako shida zuwa takwas zai yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasa. Bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishi fangali ɗaya, a cuɗa da ƙasa mako guda kafin shuka. Na yanzu dai nemi tsohon taki wanda ya riga ya ruɓe.

Wanda ka tara yau zai nuna a Yuni, daidai shukar damina, amma ka rufe shi da leda kafin ruwan farko don kada ya wanke. Lokacin kuma fangali ya tashi aiki, tunda rami ne mai riƙe ruwa. A Agusta kuɓewar da ke cikinsa ruɓewa za ta yi. Tun ƙarshen Mayu ka ja mata ƙasa a gindi ta koma kan kunya, ka buɗe wa ruwa hanya ta gangare. Karan da Hajiya ta ce a ɗora a rufi a ɗaure shi da waya tamau, a duba kusoshin kwanon, don iskar da ke gaban ruwan farko ita ke yaye ɗakunan kaji. Kuma ruwan farko ba shi ne damina ba, yakan ɗauke mako biyu ko uku, kada ka janye ban ruwa sai ya zauna.