Neman shawara: kwana a jirgin ruwa da Hajiya da yara a Norfolk Broads

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa hayar jirgin ruwan nan mai ɗakuna da ake kwana a ciki, ku taimaka mini da shawara. Muna zaune a Peterborough a Ingila. Hajiyar maigidana za ta zo mana daga Kano a watan Agusta, tare da yayansa da matar yayan. Maigida ya ce maimakon a yi ta zaga shagunan Landan kamar yadda aka saba yi wa baƙi, gara mu ɗauki jirgi a Wroxham mu yi 'yan kwanaki a kogunan Norfolk Broads, a ciki za mu ci, a ciki za mu kwana. Shi zai tuƙa, ya ce ba a neman lasisi. Yaranmu uku ne, autar ba ta kai shekara uku ba.

Ina son tafiyar har raina, don ina so Hajiya ta huta ta samu lokaci da jikokinta. Amma tana fama da ciwon gwiwa, kuma tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya, ko zancen shiga ruwa ba ta so. Ga kunya, ban san yadda zan zauna a matsatsin wuri da Hajiya da Yaya ba. Ga salla, ga girki. Ba mu biya kuɗi ba tukuna.

Wani ɗan uwa daga Norwich:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki ya yi gaskiya, ba a neman lasisi. Ranar karɓar jirgi ma'aikacin kamfanin zai shiga tare da ku, ya nuna masa tuƙi da ɗaure igiya, ku ɗan zaga ku dawo. Gudun da doka ta yarda da shi daga mil 3 ne zuwa 6 a awa, ya danganta da wurin, wani lokaci mai tafiyar ƙafa a gaɓa ma yana jerawa da ku. Yawancin tafkunan ramuka ne da mutanen zamanin da can suka haƙa suna ɗebo ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama don hura wuta, ruwa ya cike su tun wajen ƙarni na 14. Shi ya sa ba su da zurfi sosai, babu igiyar ruwa irin ta teku, kuma kusan ko'ina kana ganin gaɓa.

Amma kada kwanciyar ruwan ta sa ku sakaci. Yana da sanyi ko da rani, ƙasansa laka ce da ciyawa. Yawanci ba a tsakiyar tafiya ake faɗawa ba, a wajen shiga da fita ne, lokacin da ƙafa ɗaya take kan jirgi, ɗaya kan gaɓa, jirgin kuma yana janyewa a hankali. Kamfani zai ba kowa rigar kariya har autar, ku gwada a gabansu ku tabbatar ta kama jikinta. Duk wanda zai fito saman jirgi ko zai riƙe igiya ya sa tasa. Kuma kada wani ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa don ya tare shi, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum.

Shawarata ku tsaya a kogunan arewa, Bure da Ant. Daga Wroxham ku gangara Salhouse, Horning, Ranworth, in akwai lokaci ku hau Ant zuwa How Hill da tafkin Barton. Kada ku nufi Great Yarmouth. Can ruwan teku yana shigowa yana fita da ƙarfi, sai an daidaita lokaci kafin a ƙetare faffaɗan ruwan Breydon, ba wurin sabon hannu mai ɗauke da dattijuwa ba ne. Tsohuwar gadar Potter Heigham kuma gajera ce ƙwarai, jiragen haya sai da matuƙi na musamman, wasu ma ba sa wucewa sam. Jirgin haya ba ya tafiya bayan faɗuwar rana, kuma a Agusta wuraren ɗaure jirgi na kyauta suna cika da wuri, don haka ku samu masauki tun kafin la'asar. In wani abu ya faru a ruwa, Allah ya kiyaye, 999 za ku kira ku nemi masu tsaron gaɓar teku.

Wata uwa daga Leicester:

'Yata, duk abin da ɗan uwan nan ya faɗa daidai ne, amma ni tambayata ɗaya: an gaya wa Hajiya? Kada a ce za a yi mata ba-zata. Matar da ke da wannan tsoron a zuciya, in ta iso bakin ruwa ta ga an riga an biya kuɗi, za ta shiga don kada ta ba ɗanta kunya, sannan ta kwana ido biyu tana jan carbi, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ɗanta ya kira ta tun tana Kano, ya aika mata hoton jirgin da na rigunan kariya, ya ce mata in ba ta so babu komai. Ke kada ki shiga maganar, tsakaninsu ne.

Maganar kunya kuwa ba ƙaramar magana ba ce, kada wani ya ce miki raki ne. Bangon ɗakunan katako ne siriri, tari ma ana ji. A jirage da yawa wani gadon a falo yake, da dare ake shimfiɗa kujerun. Ku ƙirga kanku, ku takwas ne, to ku nemi mai cin mutum goma, mai banɗaki biyu ko fiye, kuma ku duba zanen cikinsa kafin ku biya. A tabbatar ba sai an ratsa ɗakin wani ba kafin a kai banɗaki. A ba Hajiya ɗakin da ke da nasa a ciki. Yaya da matarsa su ɗauki can ƙarshen jirgin, ku da yara ku ɗauki ɗaya ƙarshen. Saboda gwiwar nan, ku tambayi jirgin da ake tuƙawa daga gaba, wanda ƙasansa a shimfiɗe yake babu hawa da sauka. Masu bene sun fi kyau a hoto, amma matakalarsu a tsaye take.

Wani ɗan uwa daga Manchester:

Ni dai a ganina ku bar batun kwanan. Ku kama gida a bakin ruwa a Horning ko Wroxham, kullum ku yi hayar ƙaramin jirgi na 'yan awoyi. Yarinya 'yar shekara biyu a cikin jirgi sai an ware mata mutum guda mai binta, kuma na san ke za a bar wa aikin. Ina hutun yake?

Wani malami a cikinmu:

Salla a jirgin ruwa ta halatta babu shakka. A mazhabar Malikiyya ana fuskantar alƙibla, in jirgin ya juya mai salla ya juya, kuma a tsaye ake yin farilla ga mai iko. Amma ku kun samu sauƙi, kuna iya ɗaure jirgi duk lokacin da kuka so ku shimfiɗa darduma a ciyawa. Alƙibla daga can kudu maso gabas ce, wayarku za ta nuna. Hajiya ta yi a zaune in gwiwa ta hana. Abin lura shi ne asuba, raɓa tana jiƙa bayan jirgin ya yi santsi, gara a yi ta a falo bi da bi.

Wata 'yar uwa daga Landan:

Bari in yi maganar girki. Murhun gas ne ƙarami, firjin ma ƙarami. Ki dafa miyar kuka da ta taushe da jar miya tun a gida, ki daskarar da su, ki zuba a kula mai riƙe sanyi. A jirgi tuƙin tuwo da dafa shinkafa kawai za ki yi, kuma ku raba aikin da faccalarki tun farko. Naman halal ki taho da shi, ƙauyukan bakin ruwan kada ki sa rai.

Turaren wuta kuwa ki bar shi a gida, kuma ki roƙi matar Yaya da ladabi ta bar nata. Garwashi a rufaffen jirgi yana fitar da iskar nan mai guba da ba a jin warinta, mutum yana barci za ta kashe shi. Haka kada a kunna murhu don ɗumama ɗaki. Ki tabbatar na'urar gargaɗin jirgin tana aiki.

Ki tafi da buta biyu. Ruwan jirgi a tanki yake, mutum takwas masu alwala sau biyar za su ƙarar da shi da wuri, kullum ku cika in kun samu famfo. Ruwan zafi da cajin batir daga injin suke, sai ya yi aiki na 'yan awoyi kowace rana. Kada a jefa komai a masai ban da takardar banɗaki. Sannan sutura: na ga yadda gefen doguwar abaya ya maƙale a ƙarfen ɗaure igiya mai ita tana ƙoƙarin sauka. Ku sa hijabi gajere da takalmi mai kama ƙafa, silifas ɗin roba a jiƙaƙƙen katako hatsari ne. In Hajiya za ta sauka, namiji ɗaya ya tsaya a gaɓa, ɗaya a bayanta, sai an ɗaure igiya gaba da baya tukuna. Kuma ku guji kwana a gaban gidajen giya, hayaniya da karnuka har dare.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa maigida komai, musamman maganar Mama ta Leicester. Ya kira Hajiya jiya. Ta ce za ta gwada shiga da rana, amma kwana sai ta gani da idonta. Don haka mun bi shawarar ɗan uwa na Manchester, za mu kama gida a Horning. Maigida da Yaya da manyan yaran biyu za su ɗauki ƙaramin jirgin kwana, mu mata da auta muna shiga da hantsi mu sauka kafin magariba. Saura abu ɗaya, ya zancen inshorar lafiya ga Hajiya?

Ɗan uwa daga Norwich:

Ku yi mata tun kafin ta taso daga Kano, ita da Yaya da matarsa. Sashen gaggawa kyauta ne ga kowa a Ingila, amma in aka kwantar da baƙo mai bizar ziyara, ana cajin sa kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin. Ku faɗa wa kamfanin inshorar ciwon gwiwar da duk maganin da take sha, kuma ta taho da magungunanta a kwalayensu na asali tare da takardar likita.