Na sayar da sunan shafi ga wani a Kanada, karɓar kuɗin ta gagara

Assalamu alaikum. Ina da sunan shafin intanet mai ƙarewa da .com da na yi wa rajista tun 2021. Wani mutum a Kanada ya taya dala 1,800, na sallama. Yau sati biyu ke nan mun cije a kan hanyar biya.

Shi ya ce PayPal, wato kamfanin tura kuɗi ta intanet. Na ƙi, domin mai saye yana da kwana 180 da zai iya kai ƙorafi ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, ni kuwa ina ba shi lambar sirrin sauya mallaka, sunan ya tafi ke nan. Ba kaya ba ne balle in nuna takardar aikawa. Na ce to ya turo asusuna na dala kai tsaye, ya ce bai san ni ba, ba zai fara sakin kuɗi ba. Ban ga laifinsa ba.

Sai muka koma wani kamfani mai riƙe kuɗi amana har a miƙa abin da aka saya. Nan na maƙale, wajen tantance ni da kamfanin ke yi. Fasfo sun karɓa, amma sau uku suna mayar mini da shaidar adireshi. Takardar kuɗin wuta sunan mai gidan hayarmu ke kai, bayanin asusun banki kuma tsohon adireshina na Fagge yake ɗauke da shi. Jiya mutumin ya rubuto cewa ranar Juma'a zai janye.

Don Allah, wanda ya taɓa wuce wannan tantancewa daga Najeriya, wace takarda ya tura aka karɓa a matsayin shaidar adireshi?