Zafin kwano ya hana mu sakat, me zan shimfiɗa a saman silin?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidana rufin kwano ne da silin. Daga tsakar rana har dare ɗakunan ba sa zaunuwa, fanka ma iska mai zafi take kaɗowa. Wani ya ce in sa audugar gilashi, wani ya ce farin soso (irin wanda ake tare kaya da shi a cikin kwali), wani kuma kumfar feshi. Wanne ya fi? Kuma yaya zan gane ma'aikacin da ya san aikin?

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kafin ka sayi komai, duba ko kwanon yana yoyo, domin auduga in ta jiƙe ta tashi aiki. Ni da zan zaɓa, audugar dutse zan ɗauka. Daga narkakken dutse ake yin ta, wuta ba ta cin ta, tana jure zafin da ya kai digiri 1000 a ma'aunin Celsius, ga rage ƙarar ruwan sama. Ta gilashi ma tana yi, ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ƙaiƙayi, dole mai shimfiɗawa ya sa safar hannu da takunkumi. Kada a danne ta, iskar da ke cikinta ce take tare zafin.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya. Ka ƙara da takardar alminiyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwanon, amma a bar tazarar kamar santimita 2.5 a gefen da ke sheƙin. In an manne ta ba sarari, asarar kuɗi ce. A kuma bar kafar da iska za ta fita daga cikin rufin.

Maman Yara: Farin soson nan dai a yi hattara, yana narkewa, yana kama wuta. Kada ya haɗu da wayar lantarki.

Mai tambaya: Na gode. Kumfar fa?

Injiniya: Tana toshe kowace kafa, amma tana da tsada, kuma in aka fesa ta ba daidai ba, cirewa wahala ce. Ba aikin ɗan koyo ba ne.

Tsohon Kafinta: Batun ma'aikaci kuwa, duk wanda ya yanka maka kuɗi bai hau ya leƙa cikin silin ba, sallame shi. Tambayi masu sayar da kayan, sun san waɗanda ke saye a kai a kai. Ma'aikacin ya kai ka gidan da ya taɓa yi, ka ji daga bakin mai gidan. A rubuta irin kayan da kaurinsu a takarda, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai ka hau da tocila ka ga kusurwoyi sun rufu.