Ka rubuta waƙa wani ya ɗauke suna, wa abin ya taɓa samu?

Ɗan Sabongari
Salam jama'a. Waɗanda suka sanni sun sanni da jarabar kiɗan metal, wannan mai ƙarar gita da Hajiyarmu ke cewa injin markaɗe ne ya samu matsala. To jiya ina bin tarihin Iron Maiden, ƙungiyar nan ta gabashin Landan da Steve Harris ya kafa a 1975, sai naci karo da abin da ya tsaya min a wuya. Kafin su fitar da albam ɗinsu na farko a 1980 sunyi mawaƙa biyu da yawancin masoyansu ma basu san dasu ba. Na farko Paul Mario Day, yace da hannunsa a waƙar Strange World amma in ka juya bayan faifan sunan Harris kaɗai zaka gani. Na biyu Dennis Wilcock, mai fitowa dandali da takobi da jinin ƙarya a baki, ya barsu a 1978, sai a 2018, shekara 40 cif, ya shigar da ƙara cewa shi ya rubuta baitocin Prowler da Charlotte the Harlot da Phantom of the Opera har da waƙar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar. Su kuma suka musanta sukace zancen banza ne.

Abin da yasa ya taɓa ni, nima an min. Abokina ne tun firamare, muna zaune kan benci ƙofar gidansu muna ɓarar gyaɗa yace amshi ya gagare shi, na bashi layi biyu nan take ya rubuta a bayan kwalin sabulu. Waƙar ta shiga gari har a gidan biki naji 'yan mata na rerawa. A ƙarƙashin bidiyon a YouTube an sa sunan mai kwalliya, an sa na mai ɗaukar hoto, har wanda ya bada aron mota an gode masa, ni ko oho. Dan Allah wanda irin haka ta taɓa samu ya faɗa mana, amma kar a kama suna.

Mai Alƙalami
Hmm ɗan uwa ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Kai layi biyu ne ma, ni sana'ata kenan shekara wajen shida ina rubuta ma wani mawaƙi a Kano, littafi mai fallen arba'in nake cikawa duk wata, wani lokacin a cikin adaidaita nake rubutu littafin kan gwiwa. In na kai situdiyo ya duba yace Malam wannan tayi, a bani dubu biyar kuɗin mota, shikenan. Ban taɓa tambayar suna ba saboda a lokacin gani nake ai tare muke, in ya tashi na tashi. Ranar da muka saɓa akan wani aikin siyasa da aka biya kuɗi mai kauri na daina zuwa, wata uku bayan nan ina teburin mai shayi naji sabuwar waƙarsa a rediyo, baiti na uku nawa ne harafi da harafi, wanda na rubuta daren da aka kwantar da mahaifiyata asibiti, kuma aka yi hira dashi yace wai a mafarki ta zo masa. Wlh sai da na ajiye kofin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Littattafan suna nan cikin jakar bakko ƙarƙashin gado, ko kwanan wata ban sa musu ba, wannan shine wautata.

Bakano a Landan
Allah ya baka haƙuri Malam. Kar ku ɗauka a nan an tsira. Ina buga gitar bes a wata 'yar ƙungiya, mu huɗu, ƙarshen mako muke haɗuwa in an tashi aiki. Da aka min haihuwa na biyu nace musu bazan iya ba na janye lafiya lau har da rungume-rungume. Shekara na zagayowa naga sun saki waƙoƙi huɗu a Spotify, ta farkon gaba ɗaya akan wani zubin kiɗa ta hau wanda ni na ƙirƙira a ɗakin gwaji. Na kira mai gitar yace ai a cikin taro aka yi shi, kowa ya sa hannu. Kuma nan PRS, masu tara ma marubuta kuɗin waƙa, sunan da aka yi rajista dashi kawai suke biya, basa tambayar wa ya fara kaɗa me a wane ɗaki.

Tunda Ɗan Sabongari ya kawo Maiden bari na ƙara, shi kansa babban mawaƙinsu Bruce Dickinson abin ya same shi. Ya shigo a 1981 daga ƙungiyar Samson, kwantiragin da ya baro can ya hana a sa sunansa a matsayin marubuci a albam ɗin The Number of the Beast na 1982, alhali shi da bakinsa yace da hannunsa a Run to the Hills da The Prisoner da Children of the Damned. Bambancin kawai shi ya zauna, daga albam na gaba a 1983 sunansa ya fara fitowa, yayi suna yayi kuɗi. Su Day da Wilcock kuwa sun tafi kafin a shiga ɗaukar faifai. Ni abin da na lura, ba wanda yafi ƙoƙari ake rubutawa ba, wanda ke cikin ɗakin ranar da ake cika takarda shi ake rubutawa.

'Yar Damagaram
Wannan magana taka ta ƙarshe Yaya, kamar dani kake. Ni ce mai bada waƙa a ƙungiyarmu ta 'yan mata, mukan yi waƙoƙin faɗakarwa akan karatun 'ya'ya mata da rigakafi. Guda biyu ni na tsara su tun daga amshi har ƙarshe, ina daka ina gwada karin. Aure ya zo na bari, suka ɗauki wata yarinya mai murya, aka shiga situdiyo da ita, wata ƙungiyar agaji ta biya, aka raba, ni aka aiko min jikka goma a ambulan wai tukuici. Yanzu in an sa a radiyo sunanta ake faɗi, ɗiyata na bin waƙar nace mata ni nayi ta, ta dube ni tayi dariya tace kai Mama. Wannan dariyar tafi kuɗin ciwo. An ce min in je BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar, a Yamai, amma me zan riƙe a hannu in tafi dashi, turmi?

Kakana ɗan amshi ne, yakan ce rabin abin da ake yaba ma uban kiɗi daga bakin na baya ya fito kuma ba mai tambaya. Amma ku duba malamai masu rubutacciyar waƙa, baitin ƙarshe sai sun saƙa sunansu da garinsu a ciki, ba mai iya cirewa sai ya karya ƙafiya. Sun fi mu wayo.

Tsohon Furodusa
Yara ku bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren ko za ku ji haushi. Shekarata sama da ashirin a situdiyo. Waƙa in ana haɗa ta mutum goma ne a ɗakin, wannan yace canza kalmar nan wancan yace ɗaga murya nan, mai kawo fiya wata ma sai ya tofa. In waƙar ta mutu ba ka ƙara jin kowa, in ta tashi kowa shi ya rubuta. Akwai wanda ya canza min "zuciya" zuwa "ruhi" kawai, har yau yana yawo yana cewa na cinye shi. Kuma mutum bayan shekara 40 ya tuna wa ya faɗi wane layi, ni na bara ma ban riƙe ba. Ban ce Mai Alƙalami da ƙanwata ta Damagaram basu da gaskiya ba, suna da ita. Nima na taɓa barin sunan wani yaro saboda mawaƙin yace kar a sa, ina jin kunyarsa na biye masa, yaron ya rasu ban gyara ba, abin na damuna.

Mai Tara Faifai
Ni ban taɓa rubuta ko layi ba, saye kawai nake. Na sayi sidin Blizzard of Ozz na mawaƙin metal Ozzy Osbourne bugun 2002 naji gangar ba irin ta kaset ɗina bace, ashe ana rigimar kuɗi da Bob Daisley mai bes, wanda shi ya rubuta yawancin baitocin, da Lee Kerslake mai ganga, sai aka goge kiɗansu aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake bugawa. Sai 2011 aka maido na asali. Wato har sautin hannunka ana iya kankarewa ba suna kaɗai ba.

Lauyan Unguwa
A gurguje. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 da aka sa ma hannu a 2023, da zarar ka rubuta ko ka naɗa haƙƙi ya tabbata ko ba rajista, kuma sallama shi ga wani sai a rubuce. Dubu biyar ta mota ba sayarwa bace. Mai Alƙalami kar ka yar da littattafan nan, ka duba tsohuwar wayarka ko akwai saƙon murya ko hoton shafi da ka taɓa tura masa a WhatsApp, wannan yana ɗauke da kwanan wata.

Mai Alƙalami
Barista wayar ta faɗa rijiya tun tuni, amma ƙanina nada wasu da nake tura masa ya gyara min rubutu, bari in kira shi.

Ɗan Sabongari
Na gode jama'a, Baba Furodusa Allah ya jiƙan yaron. Ni dai ɗazu nayi ta maza na tura ma abokin nawa saƙo, nace ba kuɗi nake so ba, ya ƙara sunana a ƙarƙashin bidiyon kawai, minti ɗaya ne. Ya karanta tun la'asar, naga alamar yana rubutu ya tsaya, ya sake farawa ya sake tsayawa. Yanzu an kira isha ba abin da ya shigo.