Wai an wanke shi, alhali ginin asibitin yana nan babu rufi

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Abin nan ya daɗe yana cin raina, yau dai sai na amayar. Jiya da la'asar na bi ta Bauchi Road zuwa Farin Gada, duk falwayar da na duba hoton Alhajin nan ne a liƙe, wai yana neman kujerar sanatan Filato ta Arewa. Ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Kamfaninsa aka ba kwangilar ƙaramin asibitin unguwarmu. Gini ya kai linta aka kwashe leburori, yau shekara huɗu ke nan, awaki ke kwana a ciki. Daminar bara matata ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare, babu keke babu tasi, a bayan motar kayan gwari maƙwabcina ya kai mu cikin gari, ruwa na dukanmu. Mun rubuta takardar koke mun kai inda ya kamata, daga baya muka ji wai dattawa sun je sun janye. Yanzu yaransa na yawo gida-gida suna cewa an wanke shi. Ku gaya mini don Allah, wanda ya kasa rufa ɗaki shida, shi zai riƙe ƙananan hukumomi shida? Jos ta Arewa, Jos ta Kudu, Jos ta Gabas, Bassa, Riyom da Barikin Ladi, duk a hannun mutum irin wannan?

Sadik Gangare: Wa'alaikumus salam Yaya. Allah ya raya Khalifa. Amma ai da bakinka ka ce an janye koke. To in an janye, ba an wanke shi ba ke nan? Wace kotu ce ta kama shi?

Baban Khalifa: Ban ce an wanke shi ba, cewa na yi yaransa ke faɗa. Ka sake karantawa.

Sadik Gangare: Na karanta. Janyewa da wankewa ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Barista: Sadik, ƙanena, a nan ka kauce. Wanda ke wanke mutum alƙali ne, bayan an gurfanar da shi, an kawo shaidu, an saurari kowane ɓangare, sannan ya ce ba a same shi da laifi ba. Koken da aka janye tun bai je gaban alƙali ba, ba a ma jiƙa kayan ba balle a yi maganar wanki. Amma Baban Khalifa, kai ma ka sani, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Kuma sashe na 66, wanda ya lissafa waɗanda ba za su tsaya takarar majalisar tarayya ba, hukuncin kotu yake nema. Wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe, ko wanda ya miƙa wa INEC takardar shaidar jabu, shi doka ta hana. Zargi kaɗai ba ya hana kowa sayen fom.

Sadik Gangare: Kun ji ko? Barista ta ce marar laifi ne. Magana ta ƙare.

Barista: Rabin maganata ka ɗauka ka bar rabi.

Kawu Mai Gwanjo: Ni dai ina Katako tun kafin a haifi wasunku. Kalmar nan ta wankewa ba yau muka fara jin ta a Filato ba. Ranar da aka sako tsohon gwamna Dariye daga gidan yarin Kuje a watan Agustan 2022, haka mutane suka riƙa cewa an wanke shi, har a rumfata an yi wannan musun.

Anti Saratu: Kawu, da girmanka, Dariye ba a wanke shi ba, afuwa aka yi masa, kuma tazarar da ke tsakani babba ce. A watan Yunin 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta babbar kotun Abuja ta ɗaure shi shekara 14 kan sama da naira biliyan 1.1 na kuɗin magance zaizayar ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 10. Kotun Ƙoli a 2021 ta bar masa shekara 10 ɗin. Sai a Afrilun 2022 Majalisar Magabata ta amince Buhari ya yi masa afuwa tare da Jolly Nyame na Taraba. Ai ba a yafe wa wanda bai yi komai ba. Abin da ya fi ci mini rai, kuɗin zaizaya ne. Duk wanda ya san ramukan kuza da ke Bukur da Barikin Ladi ya san me ake nufi da wannan kuɗin a jiharmu. Kuma yana gidan yari yana amsa sunan sanatan Filato ta Tsakiya har wa'adinsa ya cika a 2019.

Kawu Mai Gwanjo: Saratu, ai ni ma abin da nake faɗa ke nan, ba ki bari na kai aya ba.

Ɗan Bokkos: Anti, me ya kawo sunan Baba Dariye cikin maganar asibitin unguwarku? Kullum in za a ba da misali sai a ɗauko namu. Mutumin nan an kafa masa dokar ta-ɓaci a 2004, an tsige shi a 2006, kotu ta mayar da shi. Mutanensa suka zaɓe shi sanata a 2011, suka sake a 2015. Ku kun fi su sanin shi ne? Jami'ar jiha da ke Bokkos wa ya kafa ta? Wanda shugaban ƙasa ya yafe wa, ke wace ce da za ki riƙe?

Anti Saratu: Ni ba ni na ɗauko sunansa ba, duba sama. Kuma ban hana ka son shi ba. Kalma ɗaya na gyara.

Ɗan Bokkos: Afuwa wanka ce. In uba ya yafe wa ɗansa, maƙwabci ba shi da ta cewa.

Barista: Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa, ba wanda ya musa. Afuwa tana ɗauke hukunci da abin da ya biyo bayansa. Ba ta cewa alƙalan kotu uku sun yi kuskure. In kuna son misalin da ya fi rikitarwa, ga Orji Kalu, tsohon gwamnan Abiya. An ɗaure shi shekara 12 a Disambar 2019 yana sanata. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ta ce a sake daga farko. Ya koma majalisa, ya sake cin zaɓe a 2023. Kotu ba ta ce ya ci kuɗin ba a karo na biyu, ba ta kuma ce bai ci ba. Wannan me za ku kira shi?

Sadik Gangare: Wankewa mana.

Anti Saratu: Sokewa dai.

Malam Na-Rikkos: Jama'a ku ji tsoron Allah. Tun ɗazu ana cin naman bawan Allah, babu wanda ya kawo takarda ko ɗaya. Ina takardar kwangilar? Wa ya ga an biya shi kuɗin duka? Sau nawa gwamnati ke ba da kashin farko ta riƙe sauran, ɗan kwangila ya sha zagi a banza? Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika.

Baban Khalifa: Malam, ni ne fasiƙin? Shekara nawa ina sallah a bayanka?

Malam Na-Rikkos: Subhanallahi. Aya na kawo, ban kira sunanka ba.

Baban Khalifa: Ni kaɗai na kawo labari a nan, to da wa kake? Ka zo in kai ka ka ga ginin da idonka. Takarda kuma allon kwangila yana nan a kafe da sunan kamfaninsa, sai dai rana ta cinye fentin.

Maman Hanifa: Malam, a yi haƙuri, amma ranar da Alhajin ya kawo buhunan shinkafa makarantarku da azumi ba mu ji an ce a bincika daga ina kuɗin suka fito ba.

Malam Na-Rikkos: Hajiya, shinkafar marayu ce, ko ƙwaya ban kai gidana ba, Allah ne shaida. Wannan ƙazafi ne kuma ban yafe ba.

Maman Hanifa: Ban ce ka kai gida ba. Cewa na yi ba a bincika ba.

Injiniya: Ina bin ku daga Abuja. Matsalarmu ita ce mun ɗora komai a kan kotu. A Amurka, a 2017, jihar Alabama da ta shafe shekaru ba ta zaɓi ɗan Democrat sanata ba ta kayar da Roy Moore saboda zarge-zargen da mata suka yi masa, babu kotun da ta ɗaure shi, Doug Jones ya ci. A Jojiya a 2022 Herschel Walker ya sha kaye hannun Raphael Warnock bayan tonon silili iri-iri. Masu zaɓe ne suka yi hukunci. Doka ta ce shekara 35, takardar sakandare, da jam'iyya. Wannan mafi ƙarancin sharaɗi ne, sauran awon yana hannunmu.

Sadik Gangare: Oga Injiniya, kana cikin sanyin ofis a Abuja kana kawo mana Alabama. Su wa suka zaɓi Trump a 2024 bayan kotun New York ta same shi da laifi? A bar mu da Amurka.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma bai goge misalan da na kawo ba.

Kawu Mai Gwanjo: Kotun ma wace kotu? A 2023 mutane sun yi layi tun asuba sun zaɓi Simon Mwadkwon na PDP sanatan Filato ta Arewa, har ya zama shugaban marasa rinjaye a majalisar dattawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta cire shi kan rikicin shugabancin jam'iyya, ba sata ba. A Filato ta Kudu aka cire Napoleon Bali aka ba Lalong. Da maganar gwamna ta je Kotun Ƙoli a Janairun 2024 aka ce hukuncin kotun ɗaukaka ƙara kuskure ne, aka bar Mutfwang, amma shari'ar 'yan majalisa a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, sun tafi ke nan. Aka sake zaɓen Filato ta Arewa a Fabrairu, Pam Dachungyang na ADP ya shiga. To wanda bai ci kuɗin kowa ba kotu ta kore shi, wanda ya bar asibiti babu rufi kuna jiran kotu ta wanke shi ko ta dauɗa shi.

Sadik Gangare: Kawu, PDP ɗinka ce ta motsa. Su suka ƙi bin umarnin kotu, su suka ja wa kansu.

Kawu Mai Gwanjo: Yaro, ina da katin PRP tun 1979, ubanka ya sani. Kada ka ƙara liƙa mini jam'iyya.

Sadik Gangare: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Amma ni gaskiyata ita ce, shekara nawa muna kuka ba a ba namu dama? Yanzu namu ya fito da ƙarfinsa, mu ne za mu fara ja masa ƙafa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma tunda an zo nan, Yaya Baban Khalifa, ba kai ne ejan ɗinsa a rumfarku ba wancan karon da ya nemi wata kujerar? Ba kukan kuɗin ejan ka yi ta yi ba?

Baban Khalifa: Ƙwarai na yi masa ejan, ban ɓoye ba. Tun bakwai na safe har aka gama ƙirga ina tsaye, ko ruwan leda ba a aiko mini ba, kuɗin kuma har yau. Amma ba shi ya sa na yi magana ba. Matata ce ta kusa mutuwa a bayan mota.

Sadik Gangare: To ai ga shi nan. Da an biya da ba mu ji labarin linta ba.

Anti Saratu: Sadik, wannan rashin tausayi ne. Ko an biya shi ko ba a biya ba, rufin ya hau? Kuma wannan "namu" da kake faɗa, mu da muke Tudun Wada muna cikin zauren nan, mu na wa ne? Naƙuda ba ta tambayar unguwa.

Maman Hanifa: Anti, bar shi. Fom ɗin sanata a APC naira miliyan 20 aka sayar a 2022, na PDP miliyan 3.5. Wanda ke da kuɗin fom da na fosta daga Tamanas har Bukur, kwanon rufin ɗaki shida ne ya gagare shi?

Malam Na-Rikkos: Har yanzu ina jiran Hajiya ta janye maganarta.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Na ɗaya, Barista ta tabbatar mana a doka cewa babu kotun da ta kama Alhaji da laifi, don haka yana da cikakken 'yancin tsayawa. Na biyu, an gano cewa mai ƙorafi yana da tsohuwar jiƙaƙƙiya da shi kan kuɗin ejan, wanda ya kamata a sasanta a gida ba a nan ba. Na uku, maganar Dariye da Amurka ba su shafe mu ba. Hajiya ta ba Malam haƙuri, Sadik ya riga ya ba Kawu. Ni na san Alhaji shekara 20, mutum ne mai alheri, ya kai mutane Umara ba adadi. Zan yi masa maganar asibitin da kaina idan ya zauna. Daga yanzu duk wanda ya sake tayar da zancen zan cire shi na kwana uku.

Barista: Yallabai, ka bar inda na ce ba a wanke shi ba. Don Allah a ƙara, kada a jingina mini abin da ban faɗa ba.

Shugaban Zaure: Barista, an rufe.

Baban Khalifa: Gobe bayan sallar azahar ina bakin ginin. Malam, Sadik, Shugaba, duk mai so ya zo, ni zan biya kuɗin keke.